Ku Tambaya Mu Amsa: Kakana Ya Je Yaƙin Bama, Ya Kuma Rasu Yana Dattijon Ikkilisiya

TAMBAYA

Malam, ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan mujalla. Ni malamar makaranta ce daga kudancin Jihar Kaduna. Kakana, wato mahaifin babana, ya daɗe da rasuwa, ya kuma rasu ne yana dattijo a majami'armu. A ƙarshen wannan shekara iyali sun shirya sujadar godiya domin tunawa da shi, aka kuma ɗora mini nauyin rubuta ɗan tarihinsa wanda za a karanta a gaban jama'a, a kuma raba wa jikoki. Da muka buɗe tsohon akwatinsa na ƙarfe, mun sami lambobin soja guda huɗu, biyu masu siffar tauraro, biyu kuma masu kama da babban kwabo, da wani ɗan rawayan ƙyalle mai hoton baƙin gizo-gizo, da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka ja wa layi a Zabura ta 91. Sai kuma abin da ya tayar da hankalin wasunmu, wato wata laya ɗinkakkiya da fata, a can ƙasan akwatin.

Kowa a garinmu ya san ya je Yaƙin Bama, amma shi bai taɓa zama ya ba mu labari ba. Iyakar abin da muka ji daga bakinsa shi ne ruwan sama na ƙasar ba ya yankewa, kuma abincinsu daga sama yake faɗowa, mu kuwa muna yara sai mu yi ta dariya. Yanzu baffana ya ce kada in ambaci yaƙi sam a cikin majami'a, domin yaƙin Turawa ne, an kuma zubar da jini, ita kuwa layar a ƙone ta a ɓoye kada ta ɓata sunan tsoho. Gwaggona kuma tana so in rubuta cewa jarumi ne da ya karkashe Japanawa, yana yi wa sojoji wa'azi a fagen fama. Ina roƙo ka gaya mini inda wannan tsoho ya je, da yadda zan nemi gaskiyar labarinsa, da kuma ko aikin soja abin kunya ne ga mai bi. Me kuma za mu yi da layar?

Wata mai karatu, daga kudancin Kaduna.

AMSA

'Yar'uwa, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ba iyalinku ikon yin wannan hidima lafiya. Zan fara da ɗan ƙyallen nan, domin a cikin duk abin da kika lissafa shi ne ya fi nuna inda kakanki ya taka. Baƙin gizo-gizo a kan rawayan ƙyalle tambari ne na Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kafa a Najeriya a watan Maris na 1943, ta kuma haɗa sojojin Najeriya da na Gwalkwas, wato Gana ta yau, da na Saliyo da Gambiya. An aro shi ne daga Ananse na tatsuniyoyin Ashantawa, takwaran Gizo namu wajen wayo da kayar da wanda ya fi shi ƙarfi. 'Yar'uwarta, Runduna ta 82, nata tambarin mashi biyu ne a gicciye bisa gammo. Ƙasar da tsofaffinmu ke kira Bama ita ce Myanmar ta yau, tana gabas da Indiya da Bangaladash, kuma a lokacin Japanawa ne suka ƙwace ta daga hannun Ingilishi a 1942. Sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 aka kwasa a jiragen ruwa zuwa wannan yanki, fiye da rabinsu kuwa 'yan Najeriya ne.

Wanda ya ɗaura tambarin gizo-gizo daga cikin 'yan Najeriya, galibi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu ya bi. Ta farko ita ce ta kwarin kogin Kaladan a lardin Arakan, inda babban ɓangaren rundunar ya kutsa a farkon 1944, bayan sojojin sun sare daji sun fasa duwatsu sun yi hanyar ƙananan motocin soja mai tsawon fiye da mil 70 da hannunsu. A cikin wannan ɓangare akwai Bataliya ta 4 ta Najeriya, da 'yan Najeriya masu yawa a sassan manyan bindigogi da asibiti da ɗaukar kaya. Sun kai har garin Kyauktaw, Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna suka tilasta musu ja da baya a watan Maris, sa'an nan bayan damina suka sāke komawa, har suka haɗu da Runduna ta 82 aka ci tsohon birnin Myohaung a watan Janairun 1945. Hanya ta biyu ita ce ta Birged ta 3, mai bataliyoyin Najeriya na 6 da na 7 da na 12, wadda aka cire daga rundunar aka haɗa ta da mayaƙan nan da ake kira Chindit a ƙarƙashin Janar Orde Wingate. Su waɗannan jiragen sama ne suka sauke su a bayan sahun Japanawa, a tsakiyar daji, suka yi watanni suna tsaron sansanoni suna datse hanyar jirgin ƙasa. Wingate kansa ya mutu a hatsarin jirgin sama ranar 24 ga Maris 1944. In kin taɓa wucewa ta barikin Chindit a Zariya, ko na Kalapanzin da Dalet a Kaduna, ko Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, ko Letmauk a Ibadan, to sunayen wannan yaƙi kika wuce, ko da yake yawancin masu zama a cikinsu yau ba su san mafarin sunayen ba.

Maganar abinci daga sama da kuka yi wa dariya gaskiya ce tsantsa. A Kaladan babu hanyar da manyan motoci za su bi, saboda haka jiragen sama ke jefo shinkafa da harsashi da magani, wasu da lema, wasu a buhuna kai tsaye, kuma Runduna ta 81 tana cikin manyan rundunonin farko da aka ciyar gaba ɗaya ta wannan hanya. Abin da jirgi ya jefo kuwa, kai ne ke ɗaukarsa. Dubban sojojinmu an ɗauke su ne musamman domin dako, suna hawa duwatsu suna ƙetare koguna da kaya a kansu da adda a hannu, abin da ya sa waɗannan rundunoni suka iya shiga wuraren da alfadari ma ba ya iya bi. Ruwan saman da ya ambata shi ne daminar ƙasar, wadda ke farawa wajen watan Mayu ta kai Oktoba, tare da zazzaɓin cizon sauro da atuni da matsattsaku, waɗanda suka kwantar da mutane fiye da yadda harsashi ya yi. Na faɗi wannan ne saboda gwaggonki. Mai yiwuwa kakanki ya riƙe bindiga, mai yiwuwa kuma ɗan dako ne, ko direba, ko mai ɗaukar waɗanda aka raunata, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rage masa daraja. Abin da zai rage masa daraja shi ne a tsaya a gaban bagade a karanta jaruntakar da aka ƙaga, wadda shi da kansa bai taɓa yin iƙirarinta ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Lambobin kuma suna da nasu bayanin. Ki duba taurarin biyu: a jikin kowace akwai rubutun Turanci da ke zagaye da tsakiyarta. Ɗaya za ki ga tana ɗauke da shekarun 1939 zuwa 1945, ɗayar kuma tana ɗauke da sunan Bama, ƙyallenta shuɗi ne mai duhu da ja a tsakiya da ratsin ruwan lemo, ana kuma ba da ita ga wanda ya yi aiki a wannan fage tsakanin Disambar 1941 da 2 ga Satumba 1945. Galibin waɗannan lambobi ba a buga sunan mai su a jiki ba, sai dai lambobin jarunta na musamman, waɗanda ake rubuta suna da lambar soja a gefensu. Don haka ki juya su da kyau. Abin da ya fi lambobin amfani wajen bincike shi ne takardar sallama, ɗan littafin da aka ba kowane soja ranar da aka sallame shi, mai ɗauke da lambarsa da muƙaminsa da ɓangaren da ya yi aiki. Ki tambayi manyan gida ko tana hannun wani, domin sau da yawa ɗan da ya taɓa bi wa tsoho maganar fansho shi ke riƙe da ita. Idan an same ta, ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya na jiharku shi ne wurin farawa, sai taskar adana takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke can Kadunan. Littattafan da kowace bataliya ta riƙa rubuta abin da ya faru kullum suna taskar gwamnatin Ingila a Kew, kusa da Landan. Ba kasafai suke ambatar sunan farabiti ko kofur ba, amma da zarar kin san bataliyarsa, za su nuna miki ƙauyen da suka kwana da kogin da suka ƙetare a kowace rana.

Sai dai kafin ki yi nisa da neman takardu, ki fara da mutane, domin su ba sa jira. Idan akwai tsohuwar da ta ga dawowarsa, ko wadda ta yi waƙa a bikin aurensa, ko ɗan wani abokinsa na soja, ki je da wayarki ki naɗi muryarsu cikin harshen da suka fi sakewa, ki bar su su yi ta zagaye, kada ki sa musu magana a baki. Yawancin sojojin sai a 1946 suka dawo, watanni da yawa bayan Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, saboda ƙarancin jiragen ruwa, kuma dawowar tasu babban al'amari ne a ƙauyuka, har yanzu akwai masu tuna takalminsu da kakinsu da akwatunan ƙarfe irin wanda kuka buɗe.

Yanzu ga maganar baffanki, wadda ba zan yi watsi da ita ba, domin rabinta gaskiya ne. Yaƙin na Turawa ne. Ba a shawarci talakan Najeriya ba kafin a shiga da shi ciki, a wurare da yawa kuma ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka nemi samari, inda wanda aka nuna da yatsa ba shi da bakin cewa a'a, ko da yake akwai da yawa da suka kai kansu saboda albashi, ko sha'awar kaki, ko gudun haraji da aikin tilas irin wanda aka yi a ma'adinan kuza na Jos tsakanin 1942 da 1944. Albashinsu bai kai na takwarorinsu Turawa ba, hafsoshi kusan duka Turawa ne, alkawuran aiki da aka yi musu kuma da yawa ba a cika ba. A Ankara ta Gana, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji sun yi jerin gwano zuwa fadar gwamna domin kai kukansu, 'yan sanda suka harbe uku daga cikinsu, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, abin da ya zama ɗaya daga cikin mafarin guguwar neman 'yancin ƙasar. To amma duk wannan hujja ce ta a faɗi labarin, domin in jikokin waɗannan mutane suka yi shiru, babu wanda zai faɗe shi a madadinsu. Su kansu Ingilishi suna kiran Runduna ta 14, babbar rundunar da Janar William Slim ya jagoranta a Bama, rundunar da aka manta da ita, baƙaƙen fatar da ke cikinta kuwa sun fi kowa shan wannan mantuwa.

Game da zubar da jini, ita ma tsohuwar muhawara ce a cikin ikkilisiya, ba baffanki ne ya fara ta ba. A Littafin Tarihi na Fari, sura 22, an hana Dawuda gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar a yaƙe-yaƙe, kuma akwai ɗariƙun da har yau suke koyar da cewa mai bi ba ya ɗaukar makami, kamar mishan ɗin 'Yan'uwa da ya kafa tasharsa a Garkida a 1923, wanda daga gare shi Ekklisiyar 'Yan'uwa a Najeriya ta fito. A ɗaya gefen kuma, da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, a Luka sura 3 aya 14, bai ce su tuɓe kaki ba, sai ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce su gamsu da albashinsu. Jarumin Roma da Yesu ya yaba wa bangaskiyarsa a Matiyu sura 8 soja ne, Karniliyas kuma wanda Bitrus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 10 shi ma soja ne, sojan mulkin mallaka ma kuwa. A ganina, ikkilisiyar da ta san wannan tsoho shekaru da yawa, ta san ya je Bama, ta kuma zaɓe shi dattijo ya riƙa raba Jibin Ubangiji, ta riga ta yanke hukunci a kan wannan tambaya tun yana da rai, bai kamata 'ya'yansa su zo su fi ta tsanani bayan ba ya nan ba.

Akwai wata tambaya da ba ki yi ba, wadda nake ganin ita ce ginshiƙin tarihin da za ki rubuta: yaushe ya zama mai bi? Kada ki ɗauka ya tafi yaƙi yana Kirista don kawai ya rasu yana dattijo. A farkon shekarun 1940 masu bi a ƙauyukan kudancin Zariya na lokacin, wato kudancin Kaduna na yau, kaɗan ne, yawancin jama'a suna kan addinin gargajiya, ita kanta ikkilisiyar ECWA sai a 1954 ta tsaya da ƙafarta daga mishan ɗin SIM. Samari da yawa a bariki suka fara jin wa'azi, domin rundunar tana da limaman Musulmi da na Kirista, a can kuma suka koyi Hausa sosai, wadda ita ce harshen fareti da ba da umarni a sojan Najeriya tun zamanin Lugga, suka koyi karatun boko, suka dawo gida su ne masu iya karanta Littafi a gaban jama'a. Wasu kuma sai bayan sun dawo da shekaru suka tuba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki buɗe shafin farko na Littafin nan ki duba shekarar da aka buga shi, domin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa ne a 1932, bayan aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, an kuma yi ta sāke buga shi, sabuwar fassara ta fito wajen 1980. In bugun bayan 1946 ne, to ba shi ya kai Bama ba, layin da ke Zabura ta 91 kuma tsoho ne ya ja shi yana tuna baya. Sa'an nan ki roƙi fasto ya duba miki littafin rajistar baftisma na majami'arku ko na hedkwatar gunduma. Kowace amsa kika samu mai daɗin rubutawa ce: ko saurayin da ya riƙe bangaskiyarsa a cikin dajin Arakan, ko wanda abin da ya gani a can ya sa shi neman Allah.

Wannan kuma shi ne zai ba ki hasken maganar layar. Soja mai laya ba baƙon abu ba ne a wancan zamani, Musulmi da masu bin gargajiya duk suna ɗaurawa, kuma sau da yawa ba mai ita ne ya nema ba: uwa ce ta sayar da akuyarta ta karɓo wa ɗanta da za a kai bayan teku, ko abokin da suke kwana rami ɗaya ya ba shi, ko kuwa ta wanda ya faɗi ce aka ɗauko da niyyar kai wa danginsa. Zumunci tsakanin mabiya addinai a wannan yaƙi ya wuce yadda muke zato a yau. Isaac Fadoyebo, Kirista ɗan ƙasar Owo mai aikin asibiti a Runduna ta 81, an harbe shi a Kaladan a watan Maris na 1944, aka bar shi a kan ya mutu, amma wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman da iyalinsa suka ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo, David Kargbo, suna ciyar da su wata da watanni a ƙarƙashin hancin Japanawa, har sojojin Ingila suka dawo. Mutumin da ya rayu a irin wannan hali yana iya ajiye kyautar aboki har ƙarshen ransa ba tare da ya dogara gare ta ba. Ki lura kuma da inda kuka same ta: a ƙasan akwati, tare da lambobin da ya daina ratayawa. Ki tambayi waɗanda suka yi jinyarsa ko sun taɓa ganinta a jikinsa.

Masu son a ƙone ta za su kawo Ayyukan Manzanni sura 19, inda mutanen Afisa suka tara littattafan sihirinsu suka ƙone. Amma waɗancan masu abin ne da kansu suka ƙone, a bainar jama'a kuma, domin shaida. Ƙonewa a ɓoye don gudun abin da mutane za su ce wani abu ne daban. Shawarata ita ce ku zauna da fastonku ku duka, a ɗauki hotonta, a rubuta inda aka same ta, sa'an nan in lamirin iyali bai natsu da ajiye ta a gida ba, ko dai a miƙa ta ga gidan tarihi, kamar na Jos ko na Kaduna, ko a kawar da ita a fili da addu'a, kowa yana gani. Ba dole ne a ambace ta a cikin sujada ba, amma a rubutaccen tarihin da zai zauna a hannun jikoki, ni dai zan so a ba ta layi biyu.

Shirun da ya yi kuwa, ki rubuta shi yadda yake. Da yawa daga cikin waɗanda suka dawo daga Bama haka suka yi, wasu suna firgita cikin barci, wasu ba sa son ƙarar tsawa, a lokacin kuma babu likitan da ke kula da irin wannan ciwo a ƙauye. Jumla guda da ke cewa ya je, ya dawo, bai kuma so yin maganar ba, ta fi shafi goma na ƙage nauyi a kunnen mai sauraro. Ki raba abin da takarda ta tabbatar da abin da tsofaffi suka faɗa, ki ambaci wanda ya faɗa, domin jikan da zai karanta nan da shekaru ya san inda zai ɗora. Idan mai wa'azi zai yi amfani da Zabura ta 91, mai maganar kariyar Allah, ina roƙo a tuna masa cewa akwai waɗanda suka karanta wannan Zabura ɗin a Kaladan ba su dawo ba, kada a mai da ita tamkar wata layar, har 'ya'yan waɗanda suka rasa nasu a fagen fama, a da ko a yanzu, su fita daga majami'a suna zaton bangaskiyar iyayensu ce ta gaza. Wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 1 aya 5, inda ya tuna bangaskiyar kakar Timoti, Loyis, da mahaifiyarsa Afiniki, ta fi dacewa da taron jikoki. Ki kuma ba aikinsa na ikkilisiya fili daidai da na soja ko fiye, domin yaƙin shekaru kaɗan ne, hidimar kuwa ta ɗauki sauran rayuwarsa: wa ya koya wa karatu, wace rigima ya sasanta, wace majami'ar ƙauye ya ɗebi ƙasa aka gina. Baffanki da gwaggonki su ne suka fi kowa sanin wannan ɓangare, kuma in kika sa su ba da shi da bakinsu, ina kyautata zaton gardamar za ta yi sauƙi.

TAMBAYA

Malam, ni ɗan Katolika ne daga Filato. Kakana ya rasu tun ina ƙarami, ana cewa ya yi yaƙin Habasha, ƙanensa kuma ya tafi Bama bai dawo ba. Shin yaƙi ɗaya ne? Akwai hanyar sanin inda aka binne ƙanen nasa, kuma ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta shafe su?

Wani mai karatu, daga Jihar Filato.

AMSA

Ɗan'uwa, duka biyun Yaƙin Duniya na Biyu ne, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, sai dai fage ne daban da abokan gaba daban. Italiya ta mamaye Habasha a 1935, da ta shiga yaƙi a gefen Jamus a 1940 sai Ingila ta tura sojoji, ciki har da birged guda ta Najeriya, wadda ta taso daga Kenya ta shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, ta wuce zuwa Harar, aka kuma karɓe Addis Ababa a watan Afrilu, Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa ranar 5 ga Mayu 1941. Sunan barikin Mogadishu daga nan ya samo asali. Wanda ya yi wannan yaƙi ana ba shi tauraro mai sunan Afirka, mai ƙyalle launin rairayi, da yawa daga cikinsu kuma an sāke tura su Bama a Runduna ta 82.

Game da ƙanen kakanka, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila tana da shafi a intanet inda ake neman suna kyauta. Ka gwada rubuta sunan ta hanyoyi daban-daban, domin magatakardan soja sukan rubuta sunan mutum haɗe da sunan garinsu ko ƙabilarsa a maimakon na mahaifinsa. Waɗanda aka sami gawarsu an tattara da yawa a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, wasu kuma a Chittagong ta Bangaladash, waɗanda ba a samu ba kuwa an sassaƙa sunayensu a ginshiƙan tunawa da ke Taukkyan ɗin, masu ɗauke da sunaye kusan 27,000. Ranar tunawa kuma ta shafe su. A da ana yin ta ne ranar 11 ga Nuwamba kamar sauran ƙasashe renon Ingila, daga baya Najeriya ta mai da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, amma ta haɗa har da waɗanda suka faɗi a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Tun da kai ɗan Katolika ne, kana iya ba da sunayensu biyu ga fada, wato limamin cocinku, domin a ambace su a Mas na ranar 2 ga Nuwamba, wadda ikkilisiyarku ta keɓe domin yi wa matattu addu'a, ka kuma haɗa da lambar soja da bataliyar ƙanen in ka same su a shafin hukumar.